Kayen sudokuna, daga shigowar hunturu zuwa gab da azumi

Lahadi, 1 ga Disamba 2024

Yau na sayo kaye sabo a kasuwar Dole, mai ƙananan gidajen nan na ƴan lakwal, da kiriyo biyu da gom. Shekara kusan 3 ina buga sudoku a waya in ɗinki ya yi sauƙi, amma na yau da kullum ne kawai, allo mai gurbi 81, 1 zuwa 9 ba maimaici a kowane layin kwance da layin tsaye da akwati mai gurbi uku da uku, har ya kai ido ne ke yi ban ma tunani. Ɗan yayata da ke lise shi ya nuna min ashe akwai masu ƙarin doka, wani da keji, wani da layuka a zane, wani da ɗigo-ɗigo, wani ma babu lamba ko ɗaya a ciki sai zane kawai kuma a ce amsarsa ɗaya ce tak.

To na ɗauki niyya biyu. In warware guda 30 irin waɗannan ba tare da canka ko sau ɗaya ba, duk lambar da zan rubuta sai na iya faɗin dalilinta da baki. Sannan in ƙirƙiri nawa guda ɗaya in kai fadarmu ta hira su gwada. Lokacina daga yanzu zuwa azumi ne, don duk wanda ya san tela a Damagaram ya san da an ga wata ɗinkin sallah ba ya barin mutum ko susar kai.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na fara da mai keji, wanda suke kira kila sudoku. Ana zagaye wasu gurabe da tsinke-tsinken layi a rubuta jimlarsu a kwana, kuma lamba ba ta maimaita kanta cikin keji ɗaya. Shafin farko na kaye na cika shi da waɗanda ba su da hanya sai ɗaya. Gurbi biyu: 3 sai 1 da 2, 4 sai 1 da 3, 16 sai 7 da 9, 17 sai 8 da 9. Gurbi uku: 6 sai 1,2,3, 7 sai 1,2,4, 23 sai 6,8,9, 24 sai 7,8,9. Gurbi huɗu: 10 sai 1,2,3,4, 11 sai 1,2,3,5, 29 sai 5,7,8,9, 30 sai 6,7,8,9. Ina ta maimaita su ina taka keke kamar hadda.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne 45. Ka tara 1 zuwa 9 ka samu 45, kenan kowane layi 45 ne kowane akwati 45 ne, layi biyu 90, uku 135, allon gaba ɗaya 405. Jiya da dare akwai akwatin sama na hagu da keji uku suka rufe shi gaba ɗaya sai dai guda ya leƙa waje da gurbi ɗaya, na tara su suka ba ni 49, shikenan wanda ya leƙa 4 ne, ban duba layi ba ban duba komai ba. Wallahi sai da na aje kiriyo na ɗan zauna. Guda 3 na gama zuwa yau.

Talata, 10 ga Disamba

Kwana uku a kan guda ɗaya, duk inda na bi sai ya rushe a akwatin ƙasa na tsakiya. Yau da rana na sake buɗe wayar na gwada da abin da na kwafa, ashe keji mai 16 ne na rubuta 15, ranar da nake kwafa an ɗauke wuta da tocila nake gani. 16 ɗin 7 da 9 ce ba makawa, ni kuwa 15 ta sa ina ta yawo tsakanin 6 da 9 da 7 da 8. Raina ya ɓaci sosai don dare uku ne da na hana kaina barci. Daga yau in na kwafa sai na tara dukan kejin tukuna in ga ko sun ba da 405, in allon duka a rufe yake da keji. Minti biyar ne kawai.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar jamhuriya, fada ta cika tun hantsi. Mushe, malamin lakwal da ya koyar da lissafi shekara da shekaru kafin ya yi ritaya ya karɓi kayen ya daɗe yana dubawa, ana zuba shayi na farko har na biyu bai ɗago ba. Ya ce, “Ɗana, ka san wannan abin ba Japanawa suka fara shi ba ko?” Na ce Mushe ai sunan nasu ne. Ya ce sunan kam nasu ne, amma a Amurka ya fara fita a 1979 cikin wata mujallar wasanni, wani tsohon mai zanen gine-gine Howard Garns ake danganta shi da shi, kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauka a 1984 ya raɗa masa suna, duniya kuma ba ta rikice a kansa ba sai da jaridar Times ta Ingila ta fara bugawa a ƙarshen 2004. Ni ban da sunan Nikoli ban san ko ɗaya ba.

Na nuna masa mai ma'aunin zafi, wanda aka zana kamar na likita, lamba na hawa daga gindin zuwa baki, ba dole ɗaya bayan ɗaya ba amma dole ta hau. Ni da lissafin iyaka nake bi, in tsawonsa gurbi 6 ne gindi ba zai wuce 4 ba baki ba zai gaza 6 ba. Mushe ya sa yatsa a layi na 5 ya ce bar wannan, tambayi 1 da 9 ina za su kwana. Na duba, gurbi 7 na layin duk tsakiyar ma'auni ne, tsakiya kuwa ba ta ɗaukar 1 don akwai na ƙasa da ita, ba ta ɗaukar 9 don akwai na sama. Saura gurbi biyu, su ne 1 da 9. Tun ranar na canza yadda nake tambaya, da nakan ce me zai shiga nan, yanzu nakan fara da wannan lambar ina za ta je.

Juma'a, 27 ga Disamba

Kowa na kan rediyo ana sauraren kokowa, ni ma na saurara. Biyu kawai na ƙara, masu ɗigo ne da ake kira kurofki, kalmar Polan ce ma'anarta ɗigo-ɗigo. Farin ɗigo lambobi biyu masu bin juna, baƙi ɗaya ninkin ɗaya. Baƙin ya fi magana, 1 da 2, 2 da 4, 4 da 8, 3 da 6, iyakarsa kenan, 5 da 7 da 9 ba sa kusantarsa. Jimlar waɗanda na gama 11.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Koren layi, wai shi raɗar Jamusawa. Duk gurbi biyu da ke jere a kan layin tazararsu 5 ce ko fiye. Farko abin ya yi min duhu don babu jimla babu komai, sai da na rubuta wa kowace lamba maƙwabtanta. 1 na zama da 6,7,8,9. 2 da 7,8,9. 3 da 8 da 9. 4 sai 9 kaɗai, 6 sai 1 kaɗai. 5 ba ta da kowa, ba ta hawa layin sam. Kenan layin ƙarama babba ƙarama babba yake tafiya kamar saƙar tabarma.

A nan allin ɗinki ya yi min rana. Na zana allon babba a kan kwalin da yadi ke zuwa a ciki, na shafa shuɗin alli a ƙananan ja a manya, tun ban san ko lamba ɗaya ba rabin allon ya yi launi. Sai ka ga akwati ya cika shuɗi huɗu, shikenan sauran ja ne ko 5. Da wani abu da na gano da kaina kuma na ji daɗinsa: in gurbi na kan layi kuma maƙwabtansa biyu suna akwati ɗaya ko layi ɗaya, ba zai zama 4 ba don zai nemi 9 biyu, ba zai zama 6 ba don zai nemi 1 biyu. Yaron shagona ya shigo ya ga kwalin ya ce, “Maigida sabon zanen aiki ne na babbar riga?” Na ce zo zauna ka gani, ya zauna har la'asar, shi ya fara hango inda 5 take a akwatin tsakiya.

Talata, 14 ga Janairu

Wannan sai na rubuta shi da tsawo.

Jiya Malam na Birni ya zo karɓar jallabiyarsa, dattijo ne abokin mahaifina, kwalin na jingine a bango. Ya tsaya ya ce, “Kai kuma yaushe ka fara hatimi?” Na ce Allah gafarta Malam wasa ne na lissafi. Ya ce miƙo alli. A bayan kwalin ya zana gida tara, ya rubuta da lambobin Larabci, sama 4,9,2, tsakiya 3,5,7, ƙasa 8,1,6. Ya ce tara ta ko'ina. Kwance 15, tsaye 15, daga kwana zuwa kwana 15. Na san hatimi tun ina makarantar allo, na sha ganin sa, ban taɓa tsayawa na tara ba.

Na tambaye shi ko za a iya sa wata lamba a tsakiya ban da 5, ya ce shi dai haka ya karɓa daga malamansa kuma bai taɓa ganin wani ba. Da ya tafi na kasa ɗinki. Da dare na je gidan Mushe, muka zauna a zaure iska na kaɗa ƙura, ya ce ƙirga layukan da ke ratsa tsakiya. Huɗu ne, kwance ɗaya tsaye ɗaya na kwana biyu, kowane 15, jimla 60. Ya ce to su huɗun sun taɓa kowane gida sau nawa. Na duba, kowane gida sau ɗaya, ban da tsakiya da aka taɓa sau huɗu. Kenan 60 ita ce 45 da ƙarin tsakiya sau uku, 15 raba uku, 5. Babu gwaji babu canka, siffar abin ce kawai ta faɗi lambar. Kuma 2,4,6,8 dole su zauna a kwanoni, 1,3,7,9 a gefe.

Ashe masu ƙirƙirar sudoku na waje su ma suna sa wannan dokar, su ce akwatin tsakiya hatimi ne. Na yanke shawara nawa da shi zai fara, abin da ke cikin zaurukanmu tun kaka da kakanni ba zan tsallake shi in ɗauko na nesa ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na sayi forfe na musamman don in sauke bidiyon da ɗan yayata ke ta faɗa, na tashar Cracking the Cryptic a YouTube, Turawan Ingila biyu ne Simon Anthony da Mark Goodliffe. Sudokun da ya yi suna a watan Mayu 2020 ne, Mitchell Lee ya ƙirƙira, lamba biyu kacal aka bayar, 1 da 2. Mushe ya ce a sudoku na yau da kullum an tabbatar tun 2012 cewa ƙasa da lamba 17 ba za a samu amsa ɗaya tak ba, to ga wannan da biyu. Dokoki uku ne suka ɗauki nauyin: lamba ba ta maimaituwa a tsallen doki na ces, wato biyu gaba ɗaya gefe, ba ta maimaituwa a gurbin da ke taɓa ta ko da ta kwana, kuma lambobi masu bin juna ba sa zama gefe da gefe ko sama da ƙasa.

Ban kalli bidiyon ba tukuna, dokokin kawai ɗan yayata ya fassara min na rufe. Dare huɗu na yi. Hanyar ita ce ka bi 1 kaɗai kana kashe duk inda ba za ta zauna ba, sai 2, kana komawa kana dawowa, sai sun ƙare ka shiga 3 wadda ba ta jingina da 2. Wanda bai yi ba kuma yana so ya yi ya tsallake layin nan: da na gama na lura kowane layin kwance ƙara 4 ne kawai, in ta wuce 9 ka ɗebe 9, na sama 4,8,3,7,2,6,1,5,9. Na 22 kenan.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Zoben Fistomefel. Sunan wani mai ƙirƙirar sudoku ne a intanet, abin da ke ɗauke da sunansa kuma gaskiya ne a kowane sudoku a duniya har na jarida. Gurabe 16 da suka zagaye akwatin tsakiya kamar zobe, lambobin da ke cikinsu su ne daidai lambobin da ke kwanoni huɗu na allon, kowace kwana gurbi biyu da biyu, su ma 16. Da na fara ji ban yarda ba, na ɗauko tsofaffin da na gama guda shida na ƙirga, duka haka ne.

Dalilin da yadi na fahimce shi. Ka ɗauki layin tsaye na 1 da 2 da 8 da 9, cikakkun saiti huɗu na 1 zuwa 9, ka shafa musu shuɗi. Ka ɗauki layin kwance na 3 da na 7 da akwatin tsakiya na hagu da na dama, su ma saiti huɗu, ka shafa ja. Turmi biyu ne masu tsawo ɗaya. Inda launi biyu suka hau juna gurbi 20 ne, ka yanke shi daga kowanne, abu ɗaya ka yanke musu, to ƙyallen da ya rage a nan dole ya yi daidai da wanda ya rage a can. Shuɗin da ya rage kwanoni, jan da ya rage zobe. Na yi wa yaron shagona wannan bayanin da almakashi a hannu ya gane tun ban ƙarasa ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na fara nawa. Tunanina na farko in sa keji mai 10 a kowace kwana huɗu, 1,2,3,4 sau huɗu, da hatimi a tsakiya, ya yi kyau a ido kamar aikin wuyan riga. Kwana biyu ina cikawa yana rushewa ban san dalili ba. Ɗan yayata ya zo ya leƙa ya ce, “Kawu ai zoben ne ya hana.” Gaskiyarsa. In kwanoni 1,2,3,4 ne kawai to zobe ma haka, amma gefen zobe na sama gurbi biyar ne a layi ɗaya, lamba huɗu ba ta cika gurbi biyar ba tare da maimaici ba. Wato irin wannan allon babu shi sam, ko shekara zan yi ina gwadawa.

Na ce to mu ɗaga kaɗan, biyu su zama 11. Nan ne abin ya buɗe har hannuna na rawa. Kwanoni yanzu na da 1 huɗu, 2 huɗu, 3 huɗu, 4 biyu, 5 biyu. Zobe na da gefe huɗu kowane gurbi biyar, kowane gefe dole ya ɗauki 1,2,3,4,5 cif. To 4 biyu ce kawai kuma ana son ta a gefe huɗu, ba yadda za a yi sai ta zauna a kwanonin zobe biyu masu kallon juna, kowace ta biya wa gefe biyu. 5 ma haka a sauran biyun. Sai 1,2,3 su cike tsakiyar kowane gefe. Kuma kwanar zobe tana akwati ɗaya da kejin, inda keji ke 10 ya riga ya cinye 4, kwanar 5 ce, inda yake 11 kwanar 4 ce. Kenan masu 10 dole su kasance a kwanoni masu kallon juna, misali ɗaya sama hagu ɗaya ƙasa dama, in ka jera su biyu a sama 5 biyu za su faɗo layi na 3. Lamba huɗu sun zauna daga keji huɗu kawai, ba a ba da ko ɗaya ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Tsorona shi ne ko hatimi zai yarda da wannan. Tunda 1,2,3 na akwatin hagu da na dama duk suna kan zobe, kowane layin kwance na tsakiya ya riga ya samu biyu daga cikinsu a gefe, na ukun dole a akwatin tsakiya, ɗaya a kowane layi, tsaye ma haka. Na juya kwalin na duba rubutun Malam, 2 a sama, 3 a tsakiya, 1 a ƙasa, a tsaye kuma 3 sai 1 sai 2. Ɗaya a kowane layi, kamar don shi aka yi. Na cika allo guda cikakke da hannu har ƙarshe babu karo, na ba Mushe ya bi layi-layi da bik ya ce lafiya lau.

Da yamma na hau kabu-kabu na je Birni na nuna wa Malam, ya sa tabarau ya nemo gida taransa a tsakiyar 81 ya ce, “To madalla, ka ba shi maƙwabta.”

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na 27 na gama shekaranjiya, mai kibiya, inda lambar da ke da'ira ita ce jimlar abin da ke kan kibiyar. Saura 3. Yadin sallah ya fara taruwa, leda 14 a ƙarƙashin tebur yau da safe.

Nawa bai gama ba. Matsalar yanzu amsa ta yi yawa, hatimi kansa yana juyawa hanya 8, ga 6,7,8,9 na gefen allo suna musanya wuri yadda suka ga dama, kuma 1,2,3 na kwanoni babu abin da ya ɗaure su. Na gwada ma'aunin zafi ɗaya gajere cikin akwatin tsakiya ya tsayar da hatimin, amma ya sauƙaƙa abin da yawa, mutum zai iya shiga ta nan bai bi ta zobe ba, ni kuwa zoben nake so dole a bi. Na goge shi. Yanzu ina gwada baƙin ɗigo ɗaya tsakanin zobe da hatimi, da koren layi biyu a akwatin sama da na ƙasa na tsakiya inda 4 zuwa 9 suke. Sai dai koren layi a wurin da babu 1,2,3 sai 4 da 9 kawai zai ɗauka, gurbi biyu ya ƙare, sai in ya gangaro ya taɓa zobe, wannan nake kai tun jiya.

Ɗan yayata ya ce akwai shafi a intanet da ake zana allo ya faɗa maka amsa nawa gare shi, ranar Asabar zai zo da kwamfutar abokinsa mu saka. Na ce ya zo, amma sai na fara bi da hannu daga farko har ƙarshe tukuna. In ya tsaya a amsa ɗaya zan buga fotokopi goma in kai fada daren Lahadi, Mushe ya riga ya ce a aje masa biyu, ɗaya na gogewa.